A Kan Sawun Masu Suna Michael Collins

Mun bar birnin Cork na ƙasar Ailan da hantsi, ana irin yayyafin nan nasu mai kama da feshi, wanda ba ka ankara da shi sai ka ji rigarka ta yi sanyi. Ƙanena ke tuƙi, ni kuma ina zaune a hagu, wurin da direba ke zama a gida. Rediyon motar na kunne ƙasa-ƙasa. Can sai na ji mai karanta labarai ya ce Michael Collins ya yi magana a kan halin da masunta da manoman yammacin Cork suke ciki. Na waiwaya na dubi ƙanena, domin kwana uku kacal kafin nan muka tsaya tare a gaban kabarin Michael Collins a Dublin, jagoran gwagwarmayar 'yancin ƙasar da aka harbe tun 1922.

"Yaya, wannan wani ne daban," in ji shi. "Ɗan majalisa ne, yana cikin masu wakiltar yankin da za mu shiga yanzu. Tun 2016 yake kan kujerar."

Na uku ke nan a lissafina, kuma da saura.

Na farkon tun ina firamare na san shi. Malaminmu ya rubuta sunaye uku a allo ya ce mu haddace: Armstrong, Aldrin, Collins, mutanen da suka je duniyar wata a 1969. Biyun farko sun sauka sun taka ƙasar wata, na ukun ya tsaya cikin kumbo yana jiran su. Shi wannan na ukun ne ya zauna mini a rai, wataƙila don ni ma ɗan fari ne, irin wanda ake bar wa tsaron gida idan an tafi biki. Shekara kusan hamsin ina riƙe da sunan nan a matsayin na mutum ɗaya. Saboda haka washegarin saukata a Dublin, da muka hau jirgin nan na cikin gari mai bin tsakiyar titi, na hango wani katafaren gini na dutse kusa da kogin Liffey aka ce mini Barikin Collins ke nan, ɗan sama jannatin ne ya fara faɗo mini a rai. Ƙanena, wanda ya shekara takwas yana aikin likita a ƙasar, bai ce komai ba, sai ya ce mu sauka mu shiga.

An fara gina barikin tun farkon shekarun 1700, sojojin Birtaniya suka zauna a ciki sama da shekara 200, har zuwa watan Disamba na 1922 da suka miƙa shi suka tafi. Yanzu gidan tarihi ne, kuma cikin kayan da yake adanawa har da babbar rigar sojan da ke jikin Collins ranar da aka kashe shi. A nan na gane cewa a ƙasar Ailan, idan ka ce Michael Collins, babu wanda zai ɗaga kai ya dubi wata. Nasu ɗan manomi ne da aka haifa ranar 16 ga Oktoba, 1890. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Landan aikin akawu a bankin ajiya na gidan waya. Ya dawo gida a farkon 1916, ya shiga boren da aka yi a Dublin lokacin bikin Ista, ya kasance cikin waɗanda suka ja daga a babban gidan waya na birnin. Boren bai wuce kwana shida ba aka murƙushe shi, aka harbe shugabanninsa, shi kuma aka kai shi sansanin tsare mutane na Frongoch a yankin Wales. Ya fito daga can da darasi guda: ba a kama gini a zauna ciki a jira igwar daular Birtaniya.

Daga 1919 ya haɗa ayyuka biyu da ba kasafai suke haɗuwa a hannun mutum ɗaya ba. Shi ne ministan kuɗi na gwamnatin da 'yan gwagwarmaya suka kafa, wadda Birtaniya ta haramta, ya tara rancen sama da fam 370,000 daga hannun jama'a ba tare da yana da ofis na dindindin ba. Shi ne kuma shugaban leƙen asiri, yana da mutanensa har cikin 'yan sandan ciki na gwamnati. Ana nemansa ruwa a jallo, shi kuwa yana yawo a kan keke cikin kwat, kamar kowane akawu da ya makara zuwa aiki. Mutanensa suna kiran sa da laƙabin da ke nufin Ƙaton Mutum.

Ba waliyyi ba ne, kuma ban ji daɗin yadda wasu masu yi wa baƙi jagora suke tsallake wannan ɓangaren ba. Da safiyar Lahadi, 21 ga Nuwamba, 1920, yaransa suka shiga gidaje da masaukai a Dublin suka harbe mutum 14, mafi yawansu hafsoshin Birtaniya da ake zargi da leƙen asiri, wasu a gaban matansu. Da yammacin ranar, dakarun gwamnati suka shiga filin wasa na Croke Park ana tsakiyar ƙwallo tsakanin Dublin da Tipperary suka buɗe wa 'yan kallo wuta. Mutum 14 suka mutu, har da yara uku. Ɗan wasa ɗaya da ya faɗi a filin, Michael Hogan, yanzu sunansa ne a kan ɗaya daga manyan rumfunan 'yan kallo. Wani Michael ɗin ke nan.

An tsagaita wuta a watan Yuli na 1921, aka tura Collins Landan cikin masu sasantawa, ba da son ransa ba. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu ranar 6 ga Disamba ta bai wa gundumomi 26 cikin 32 mulkin kansu, amma shida na arewa suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, kuma dole 'yan majalisa su yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila. An rawaito cewa a daren ya ce ya sa hannu a takardar hukuncin kisan kansa. Hujjarsa a gaban majalisa ita ce wannan ba cikakken 'yanci ba ne, amma 'yanci ne da za a tsaya a kansa a nemi sauran. Majalisa ta amince da ƙuri'a 64, wasu 57 suka ƙi. Ƙuri'a bakwai ne tsakani, kuma a cikin wannan ɗan tsagin yaƙin basasa ya ɓullo a ƙarshen Yuni na 1922, tsakanin mutanen da jiya-jiya suke ɓuya a ɗaki ɗaya.

Da la'asar muka tafi maƙabartar Glasnevin. Wani jagoran siyasa, Daniel O'Connell, ne ya yi fafutukar buɗe ta a 1832, don mabiya Katolika su samu inda za su binne mamatansu da addu'o'insu ba tare da tsangwama ba. Kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi ke kwance a ciki, sun fi mazauna birnin yawa. A jikin katangar har yanzu akwai hasumiyoyin da masu gadi ke hawa da dare, saboda ɓarayin gawa da ke sayar wa makarantun likitanci. Kabarin Collins ba shi da wuyar samu, ka bi inda furanni suka fi yawa. Mun tarar da sababbi, raɓa na jikinsu, da wasu 'yan takardu da aka danne da duwatsu. Rubutun da ke jikin dutsen da harshensu na gado aka yi shi, kuma a nan na fara ganin ainihin sunan: Mícheál Ó Coileáin. Éamon de Valera, wanda ya jagoranci masu adawa da yarjejeniyar, ya kuma rayu har 1975 bayan ya yi firaminista ya yi shugaban ƙasa, yana kwance a wannan maƙabartar shi ma, ƙarƙashin wani ɗan dutse marar ado. Mutane ƙalilan na gani a wurinsa.

A jirgin ƙasa daga tashar Heuston zuwa Cork, tafiyar awa biyu da rabi, muka zauna muna ƙirga takwarorin. Akwai Michael Collins da ya yi jakadan Ailan a Amurka daga 2007 zuwa 2013. Akwai marubucin ƙagaggun labarai haifaffen Limerick, wanda ya kai zagayen ƙarshe na gasar adabi ta Booker a 2000, kuma gwanin gudun dogon zango ne. A 2016 ya yi gudu daga tsibirin Grosse Île zuwa Toronto a Kanada, yana bin sawun 'yan Ailan da yunwa ta koro a 1847. Akwai wani bishop na yankin Cork da ya rasu a 1832, da wani tsohon ɗan majalisa daga yammacin Limerick, da ɗan ƙwallon da aka haifa a Ingila ya buga wa matasan Ailan. Ba dukansu ne 'yan Ailan ba, domin Turawan Ingila ma suna da nasu Collins ɗin daga wani tushe daban, kamar wani shahararren mai busa sarewar Turawa. Amma mafi yawansu, idan ka bi salsala, sai ka tarar da kanka a kudu maso yammacin wannan tsibiri. Wannan ne ya sa muka ɗauki mota.

Hanyar Bandon zuwa Clonakilty kore ce shar, shanu baƙaƙe da farare a kowane tudu, shingayen ƙaya da furanni ja a gefen titi. Clonakilty ƙaramin gari ne mai shagunan da aka shafe da fenti kala-kala. Abin da ya fi shahara da shi wani tsiran hanji ne da ake haɗawa da jini, wanda muka gode muka wuce, muka nemi kifi. Akwai mutum-mutumin Collins a dandalin Emmet, da wani gida da aka mayar gidan tarihinsa a 2016. Amma inda ya taɓa ni shi ne Woodfield, 'yan kilomitoci yamma da garin, ta wata siririyar hanya da mota biyu ba sa iya giftawa.

Babu kowa a wurin sai mu. Wani dogon ɗaki ne na dutse, mai gajeren rufi, wanda a cikinsa aka haife shi. A gabansa kuma harsashin wani gida ne, tsawon gwiwa, ana iya gane inda ƙofa take da inda murhu yake. Wannan shi ne sabon gidan da iyalin suka koma a 1900, wanda sojojin Birtaniya suka ƙone a watan Afrilu na 1921 don su huce haushin mutumin da suka kasa kamawa. Na zauna a kan katangar kangon. Uban gidan nan sunansa Michael Collins shi ma. Sai da ya kai shekara 60 ya yi aure, ya auri yarinya 'yar shekara 23, suka haifi 'ya'ya takwas. Michael ne auta, an haife shi uban yana da kusan 75, ya kuma rasu yaron yana ɗan shekara shida. Duk Bahaushe ya san irin matsayin autan tsoho a gida, da yadda yayye mata suke ɗaukar sa tamkar ɗansu. Haka aka yi a nan. A wurin wata yayarsa ya zauna lokacin da yake makaranta a Clonakilty, a wurin wata kuma ya shekara tara a Landan. Kishin ƙasa kuwa daga mutum biyu ya sha shi, malamin makarantar ƙauyen Lisavaird, Denis Lyons, da wani maƙeri, James Santry, wanda yaron ke tsayawa a maƙerarsa yana sauraron labaran kakanni.

A gidan wata dattijuwa muka kwana, mai ba da hayar ɗakuna biyu a saman benenta. Da ta ji daga Najeriya muke sai fuskarta ta saki, ta ce gwaggonta sista ce, ta yi shekaru tana koyarwa a can. Ban yi mamaki ba, domin makarantar St Louis ta Kano ma sistocin Ailan ne suka kafa ta a 1948. Ta kawo shayi da burodinsu mai nauyi da man shanu, na tambaye ta abin da ke raina: me ya sa suna ɗaya yake ta maimaituwa haka?

Ta ɗaga yatsu tana lissafi. "A da, ɗan fari sunan kakansa na wajen uba ake sa masa. Na biyu, kakansa na wajen uwa. Na uku, sunan uban da kansa. Mata ma haka, ta ɓangaren iyaye mata."

Na tuna abin da na karanta da rana: Michael shi ne namiji na uku a gidansu. Ashe ba a yi sunan da ka ba, layi ne ya zo kansa.

"To idan 'yan'uwa maza biyar kowa ya sa wa ɗan farinsa sunan tsohon," na ce, "yaya kuke rarrabe su?"

Ta yi dariya. Ta ce ai sai a ƙara wani abu. Wannan Mór, wato babba, wancan Óg, ƙarami. Mai jan gashi Rua, mai baƙin gashi Dubh, mai fari Bán. Wani lokaci a jero sunan mutum da na ubansa da na kakansa, duk a numfashi ɗaya. Ni da ƙanena muka dubi juna. Audu Dogo, Sani Ja, Musa Ƙarami, Garba na Tsohuwa. Na gaya mata cewa ni ma sunan kakana na ci, kuma saboda haka mahaifiyata ba ta taɓa furta sunana ba tun da ta haife ni, don kunyar ɗan fari da kuma girman surukinta. Mai Sunan Malam take ce mini, sauran gida kuma Abba. Dattijuwar ta ajiye kofinta ta ce in sake faɗa mata, a hankali. Ta ce su sunan suke maimaitawa don kada a manta da tsohon, mu kuma ɓoye shi muke yi don girmama shi, amma tsohon dai shi ne a tsakiya.

Ita ce ta warware mini Ó Coileáin. Ó na nufin jika ko zuriya, kamar yadda Mac ke nufin ɗa, irin Ɗan da ke gaban Ɗanfodiyo ko Ɗantata. Coileán kuwa ɗan kwikwiyo ne. Wannan ya ba ni mamaki, don a wurinmu ba a yi wa mutum kirari da kare, amma a tsohuwar al'adarsu karen farauta alamar jarumta ne, sunan babban gwarzon tatsuniyoyinsu ma da kalmar kare ya fara. Asalin zuriyar a yankin Limerick suke da sarauta, mayaƙan Normawa da suka tsallako daga Birtaniya suka kore su a ƙarni na 12 zuwa na 13, da yawansu suka gangaro yammacin Cork. Daga baya akawunan Ingila, waɗanda harshen bai zauna musu a baki ba, suka rubuta Collins. Mu ma mun san yadda rajistar makarantar boko ta zamanin Turawa ta liƙa wa yara sunayen garuruwansu, har muka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita. Shi kuwa Michael ba baƙo ba ne a kunnenmu, Mika'ilu ne, sunan mala'ika.

Washegari muka nufi Skibbereen. Ban yi niyyar daɗewa ba, amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa daga maƙabartar Abbeystrowry da ke bakin kogin Ilen. Wani fili ne shimfiɗaɗɗe mai ciyawa, bai fi filin ƙwallon unguwa ba. Mutum tsakanin 8,000 zuwa 10,000 aka zuba a ramukan da ke ƙarƙashinsa a shekarun babbar yunwa, da yawa ba akwati ba likkafani. Daga 1845 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin Turawa, abincin da talakan ƙasar ya dogara da shi kacokan, alhali ana ci gaba da lodin hatsi da shanu a jiragen ruwa zuwa Ingila, masu gonaki kuma suna korar waɗanda suka kasa biyan haya. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 8 a ƙidayar 1841 ta rasa kimanin miliyan ɗaya ga yunwa da annoba, wasu fiye da miliyan suka tsallaka teku. Tsohon nan na Woodfield yana da shekara 30 lokacin, da idonsa ya gani. A ƙasar da ake riƙe suna kamar gonar gado, ga dubbai kwance babu ko harafi ɗaya a kansu. Na tsaya ina tunanin Mika'ilu nawa ne a ciki, waɗanda aka sa wa sunan kaka don kada ya ɓace, suka tafi tare da shi.

Daga nan muka yi arewa maso gabas zuwa Dunmanway, garin kasuwa mai faffaɗan dandali. A dandalin akwai mutum-mutumin Sam Maguire, ɗan yankin, wanda a Landan ya shigar da saurayi Michael Collins ƙungiyar asiri ta 'yan gwagwarmaya a 1909. Maguire ya mutu cikin talauci a 1927, amma kofin da ake bai wa zakarun ƙwallon gargajiyar ƙasar duk shekara sunansa yake ɗauke da shi. Ni dai ba shi ya kawo ni ba. Daga wannan gari ne wani yaro, Jeremiah Collins, ya tashi a farkon shekarun 1860 ya bi danginsa zuwa Cincinnati a Amurka, daga baya ya zauna a New Orleans ya haifi 'ya'ya 11. Biyu daga cikinsu sun zama janar. Ɗaya, Joseph Lawton Collins, ya riƙe shugabancin rundunar sojan ƙasa ta Amurka daga 1949 zuwa 1953. Ɗayan, James, yana aiki a ofishin jakadancin Amurka a birnin Rum aka haifa masa ɗa ranar 31 ga Oktoba, 1930, ya sa masa Michael. Wannan shi ne mutumin da malaminmu ya rubuta a allo. Tsakanin Dunmanway da Clonakilty bai fi kilomita 20 da 'yan kai ba.

Na zauna a wani benci a dandalin ina auna su biyun. Wanda danginsa suka tsaya, da wanda danginsa suka tafi. Jikan Jeremiah ya fara zuwa sararin samaniya a watan Yuli na 1966 cikin kumbon Gemini 10, ya fita waje sau biyu. Shekara uku bayan haka, ranar 20 ga Yuli, 1969, da Armstrong da Aldrin suka sauka a kan wata, shi ya ci gaba da kewayawa shi kaɗai cikin kumbon Columbia sama da awa 21. A kowane zagaye, idan ya shiga bayan wata, sai sadarwa ta yanke na kimanin minti 48, babu muryar kowa, babu ko ganin duniya. Ya sha faɗa daga baya cewa bai ji kaɗaici ba. Abin da ya fi damunsa shi ne kada injin abokansa ya ƙi tashi, ya zama dole ya dawo gida ba su. Da suka taso, ya ɗauki hoton ƙaramin kumbonsu da duniya a bayansa, hoton da duk ɗan Adam na wannan rana yake cikinsa in ban da mai ɗaukar.

Akwai wani abu da ya sa shirin nan na tafiya sararin samaniya bai taɓa yi mini nisa ba. A farkon shekarun 1960 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, wadda ta yi aiki a shirin Mercury har zuwa zamanin Gemini. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, ɗan sama jannati John Glenn yana wucewa ta saman Afirka ya gaya wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, suka amsa masa cewa ai an kwana biyu ana iska. Hazon hunturunmu ne ya gani.

Amma abin da ya fi tsaya mini game da Collins na sama shi ne tambarin tafiyar. Shi ya zana shi: gaggafa tana sauka a kan wata da reshen zaitun a ƙafafunta, duniya can nesa. Al'adar 'yan sama jannati ita ce a rubuta sunayen matafiyan a jikin tambarin. Su ukun suka yanke shawarar kada a sa nasu, don aikin na dubban mutane ne da suka ƙera kumbon suka lissafa hanyarsa. Mutumin da ya fi kowa kai sunan Collins nesa, shi ne ya ƙi rubuta shi. Ya dawo ya jagoranci gidan tarihin jiragen sama da kumbo na Washington har aka buɗe sabon gininsa a 1976, ya tsufa yana kamun kifi da zanen fenti, ya rasu ranar 28 ga Afrilu, 2021, yana da shekara 90. Takwaransa na Woodfield bai ko kai 32 ba, amma sunansa na kan bariki biyu, da tituna. Hausawa kan ce suna linzami ne. A bencin nan na Dunmanway na kasa ganin inda linzami ɗaya ya ja waɗannan mutum biyu wuri guda, sai dai a abu ɗaya: kowannensu an ba shi aikin da ba shi da farin jini, ɗaya jiran kumbo, ɗaya sa hannu a takardar da ya san za a tsine masa a kanta, kuma kowanne ya karɓa.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka isa Béal na Bláth. Wani kwari ne tsakanin Bandon da Crookstown, hanya na lanƙwasa a cikinsa, ƙorama a gefe ɗaya, tudu mai duhuwa a ɗayan. Ranar 22 ga Agusta, 1922, kwana goma bayan rasuwar Arthur Griffith, ɗaya daga jagororin ɓangaren da ya amince da yarjejeniyar, Collins ya fito rangadi a gundumarsa ta haihuwa a matsayin babban kwamandan soja. Da safe ayarinsa ya tsaya a mararrabar nan ya tambayi wani mutum hanyar Bandon. Mutumin ɗan ɓangaren adawa ne, ya nuna musu hanya, ya kuma gane wanda ke zaune a bayan buɗaɗɗiyar motar. Collins ya wuce Clonakilty, ya tsaya a Sam's Cross ya gaisa da dangi, ya kai har Skibbereen, kusan duk inda muka bi cikin kwana biyun nan. Gadoji da yawa an karya su, saboda haka da yamma ya biyo ta hanyar da ya bi da safe. Masu kwanton ɓauna sun gaji da jira, mafi yawansu sun watse, 'yan kaɗan ne suka rage suna kwance nakiya. Da aka fara harbi, Janar Emmet Dalton da ke zaune kusa da shi ya ce wa direba ya taka mota, Collins ya ce a tsaya a yi faɗa. Harsashi ya same shi a bayan kai. Shi kaɗai ya mutu a ayarin. Ba a yi binciken shari'a a kan mutuwar ba, har yau ana jayayya a kan wanda ya harba, amma waɗanda ke kan tudun 'yan yankin ne, wasunsu sun yi yaƙi a ƙarƙashinsa. Ta jirgin ruwa aka kai gawar Dublin, aka ƙiyasta kusan rabin miliyan suka fito jana'izar. Budurwarsa, Kitty Kiernan, tana cikin shirin aurensu.

Abin da ke wurin yanzu wata gicciye ce ta dutse a kan dandamali, da ɗan farin ginshiƙi a gefen titi. Sai a 2022, shekara 100 cif, shugabannin manyan jam'iyyu biyun da suka samo asali daga ɓangarorin yaƙin basasar, Micheál Martin da Leo Varadkar, suka tsaya tare suka yi jawabi a nan. Wani manomi ya wuce da tarakta ya ɗaga mana yatsa ɗaya daga kan sitiyari, irin gaisuwarsu. Muka matsa gefe kusa da mota, muka shimfiɗa darduma a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa muka yi Magariba.

A hanyar komawa Cork wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, ta sa jikarta ta kira mata.

"Mai Sunan Malam, kuna ina ne haka tun jiya ba a samun ku?"

Na ce mata mun je ƙauyen wani mutum ne da ya yi wa ƙasar nan yaƙin 'yanci, 'yan'uwansa suka kashe shi yana saurayi. Ta yi salati, ta tambayi sunansa. Na ce Mika'ilu.

"Sunan wa ya ci?"

"Na mahaifinsa, Hajiya."

Ta yi shiru kaɗan, ina jin kukan tumaki a bayanta.

"To ita uwar, da wane suna take kiran sa?"